Tarihin Bin Sawun Hazo da Hayaƙin Daji ta Tauraron Ɗan'adam

Duk shekara, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas kan sauko wa ƙasar Hausa da maƙwabtanta ɗauke da ƙura mai laushin gaske wadda ba ta saurin kwanciya, sai ta tsaya a sarari ta dusashe rana, ta rufe nesa, ta busar da leɓe da maƙogwaro, kuma ita ce ake kira hazo. A daidai wannan lokaci ne kuma ake cinna wa dazuzzukan da ke kudu da ƙasar Hausa wuta, hayaƙinsu ya tashi ya cuɗanya da ƙurar, ta yadda abin da ido ke gani a sama a watan Janairu sau da yawa haɗin abu biyu ne masu asali daban. Mutanen yankin sun san halin hazo tun kaka da kakanni, sun san lokacin zuwansa da cututtukan da kan biyo shi, amma takamaiman wurin da ƙurar ke tasowa, da hanyar da take bi, da yawan abin da iska ke kwasa, duk ba su fito fili ba sai bayan da aka fara ɗaukar hoton duniya daga sararin samaniya a shekarun 1960. Wanda ya bi tarihin wannan aiki zai ga cewa ilimin ya bunƙasa ƙwarai, amma ya fi saurin amsa tambayoyin ƙasashen da suka harba taurarin fiye da tambayoyin mutanen da ke shaƙar ƙurar.

Bayanan farko da masana kimiyyar Turai suka rubuta a kan iskar hunturu daga bakin teku suka fito, domin a can ne jiragensu ke tsayawa. A shekarar 1781 wani likitan Ingila mai suna Matthew Dobson ya wallafa maƙala a mujallar ƙungiyar Royal Society ta Landan, inda ya tattara abin da ya ji daga Robert Norris, wani ɗan kasuwar bayi da ya daɗe yana zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma, game da wata busasshiyar iska mai zuwa da hazo wadda ke tsattsaga katako tana ƙeƙasar da ciyawa. A watan Janairun 1832 kuma jirgin ruwan Beagle ya isa tsibiran Cape Verde ɗauke da Charles Darwin, wanda ya lura da wata ƙura mai laushi tana sauka a kan jirgin alhali gaɓar Afirka tana nesa da ɗaruruwan kilomita. Ya aika da samfurin irin wannan ƙura ga Christian Ehrenberg, masanin ƙananan halittu a Jamus, shi kuwa da ya duba ta a na'urar ƙara girman abu sai ya sami ɓurɓushin halittu da na tsirrai har iri 67, kuma ƙananan halittun da ke ciki, in ban da iri biyu, duk na ruwan daɗi ne. Darwin ya tsaya a kan cewa daga Afirka ƙurar ta fito, bisa la'akari da inda iska ke kaɗawa da kuma watannin da abin ke faruwa, ya kuma wallafa hujjojinsa a 1846. Sai dai yadda ɓawon halittun tafki zai fito daga busasshiyar hamada bai sami gamsasshen bayani ba a wancan zamani.

Zuwan jirgin sama ne ya mayar da hazo abin aunawa a kullum. Jirgi ya fara sauka a Kano a watan Nuwamban 1925, kuma da zirga-zirga ta yawaita, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka zama zangon jiragen da ke tsallakawa zuwa Sudan da Masar, sai ya zama dole a san iyakar nisan da matuƙi zai iya hange kafin ya sauka. Hanyar aunawar mai sauƙi ce, kuma har yau ba a daina ta ba: ma'aikacin tashar yanayi kan fito a ƙayyadadden lokaci ya dubi wasu alamomi da aka riga aka san nisansu, kamar dutse ko dogon gini ko wata babbar bishiya, ya rubuta mafi nisa daga cikinsu da idonsa ya iya kaiwa, sannan a aika da sakamakon ta rediyo zuwa sauran tashoshi. Daga jera irin waɗannan rahotanni ne Hamilton da Archbold, a nazarinsu na yanayin Nijeriya da ya fito a 1945, suka danganta hazon arewacin ƙasar da ƙurar da ke tashi a wajen Faya-Largeau a arewacin Chadi, daga baya kuma masanin yanayi ɗan Nijeriya A. E. Kalu ya faɗaɗa bayanin a 1979, inda ya nuna yankin da ke tsakanin Bilma da Faya-Largeau a matsayin mafarin ƙurar. A wajen wannan lokaci ne Grant McTainsh ya girke tarkon ƙura a Kano da kewayenta domin auna abin da ke sauka, ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1980, ya kuma kawo hujjar cewa wani kaso na lallausar ƙasar noman filayen Kano ƙurar hunturu ce da ta taru a tsawon dubban shekaru. Wannan ya zo daidai da abin da manoma da dama suka daɗe suna faɗa, cewa hazo taki ne. Raunin hanyar gaba ɗaya shi ne kowace tasha abin da ke kanta kawai ta sani, alhali tsakanin Faya da Bilma da Ngigmi akwai ɗaruruwan kilomita na hamada da babu mai aunawa ko ɗaya.

Wani reshen binciken ya tsiro ne a can ƙetaren Atlantika, kuma da tsautsayi ya fara. A 1965 wasu masana suka kafa ragar kama ƙura a gabashin tsibirin Barbados da nufin tattara ƙurar da ke faɗowa daga sararin samaniya, domin sun ɗauka iskar da ta ratsa teku mai faɗin dubban kilomita za ta iso a tsarkake, sai suka tarar ragar tana cika da jar ƙasa ta Afirka. Joseph Prospero na Jami'ar Miami ya ci gaba da aunawar shekara da shekaru, har ta zama ɗaya daga cikin mafi daɗewa irinta a duniya, kuma lissafinsa ya nuna cewa ƙurar da ke isa Barbados ta ninka kusan sau huɗu tsakanin shekarun 1960 masu damina da farkon shekarun 1980, wato ta bi sawun farin da ya addabi Sahel daga 1968 zuwa 1974 da kuma na 1983 da 1984. A 1972 shi da Toby Carlson suka bayyana cewa a lokacin zafi ƙurar kan yi tafiya ne a cikin wani shimfiɗaɗɗen ɓangare na busasshiyar iska mai ɗumi da ke hawa a kan iskar teku mai laima, shi ya sa take kaiwa nesa ba tare da ruwan sama ya wanke ta ba.

Amurka ta harba tauraron yanayi na farko da ya yi nasara, TIROS-1, ranar 1 ga Afrilu 1960, ɗauke da kyamarorin talabijin da suka yi aiki kwana 78. Gajimare aka je nema, amma kafin ƙarshen shekarun 1960 an fara ganin wasu manyan labule masu duhu-duhu suna fita daga gaɓar Muritaniya da Senegal zuwa cikin teku a hotunan taurarin da suka biyo baya. Matsalar da ta ɗauki shekaru ana fama da ita ta bayyana tun a lokacin, domin ƙura mai haske tana fitowa sarai idan tana kan teku mai duhu, amma idan tana kan hamada, wadda launinta da na ƙurar kusan ɗaya ne, sai ta ɓace wa kyamara. Ma'ana, an iya ganin ƙura bayan ta bar Afirka, amma ba a iya ganin ta a inda aka fi buƙata, wato a mafarinta da kuma a kan garuruwan da take rufewa.

Hanyoyi biyu aka bi aka shawo kan wannan, kuma dukkansu sun dogara ga hasken da idon mutum ba ya gani. Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da masana ke kira infirared, wanda za a iya kira hasken zafi, kuma na'urar da ke iya karanta shi tana iya faɗin zafin abin da take kallo daga nesa. Tauraron Meteosat na farko, wanda ƙasashen Turai suka harba a watan Nuwamban 1977, yana da irin wannan na'ura, kuma an ajiye shi a tsayin kimanin kilomita 36,000 a saman tekun da ke kudu da Ghana, inda gudun kewayawarsa ya yi daidai da juyawar duniya, don haka kullum yana fuskantar Afirka yana aiko da hoto duk rabin awa. Masanin Faransa Michel Legrand da abokan aikinsa sun lura cewa da tsakar rana, wurin da ƙura ta rufe kan nuna wa tauraron sanyi fiye da yadda ya saba, saboda ƙurar ta tare wa ƙasa rana ta kuma tare zafin da ƙasar ke mayarwa sama, sai suka riƙa kwatanta hoton kowace rana da na ranar da sama ta fi tsabta, bambancin ya zama ma'aunin ƙura. Hanya ta biyu ta fito daga na'urar TOMS da ke kan tauraron Nimbus-7 na 1978, wadda aka ƙera domin auna iskar ozon da ke kare duniya daga haske mai ƙuna na rana, wato ultrabayolet. A tsakiyar shekarun 1990 masanan hukumar NASA suka gane cewa wani saɓani da ke yawan ɓata musu lissafin ozon ba kuskuren na'ura ba ne, ƙura da hayaƙi ne ke shanye wani ɓangare na hasken, kuma da yake hamada ba ta da ƙyalli sosai a irin wannan haske, ƙurar da ke kanta tana fitowa. Da aka koma kan tsofaffin bayanan tun daga 1978 sai aka sami taswirar ƙurar duniya ta kusan shekaru goma sha biyar a shirye.

Abin da taswirar ta nuna ya sauya fahimtar masana. Ba daga duk faɗin Sahara ƙura ke tashi daidai wa daida ba, kuma tuddan yashi ba su ne tushenta ba, domin ƙwayar yashi ta yi nauyin da ba za ta yi nisa ba. A nazarin da Prospero da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 an ga cewa manyan mafaran ƙura kusan duk kwaruruka ne da ruwa ya taɓa kwanciya a cikinsu ya bar laka mai laushi, kuma wanda ya fi kowanne ƙarfi a duniya shi ne Kwarin Bodele a arewacin Chadi, kudu maso yamma da Faya-Largeau, kusan inda masu auna nisan gani suka yi nuni tun 1945. Gani ya kori ji. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da sulusin Nijeriya ta yau, kuma Bodele ne wurinsa mafi zurfi, har yanzu ma ya fi tafkin da ya rage gangare da sama da mita 100. Bayan tafkin ya ja baya, kwarin Bahr el-Ghazal ya ci gaba da kai wa Bodele ruwa jefi-jefi, kuma binciken da aka yi a kan tsofaffin gaɓoɓin ya nuna bai gama ƙafewa ba sai wajen shekaru 1,000 da suka wuce. A cikin ruwan an yi wasu ƙananan halittu da ake kira dayatom, masu ɓawo na sinadarin da ake yin gilashi da shi, waɗanda suka yi ta mutuwa suna kwanciya a ƙasa har suka zama shimfiɗa fara fat mai kauri, marar nauyi, wadda ke marmashewa a hannu. Irin waɗannan ƙafaffun tafkuna na Sahara ne suka ba da amsar tambayar da ƙurar Darwin ta bari a buɗe.

Laka kaɗai ba ta isa ba sai da iska, kuma yanayin ƙasar ya tanadi hakan. Duwatsun Tibesti suna arewa, na Ennedi suna gabas, iskar hunturu kuwa dole ta matse ta ratsa tsakaninsu kamar yadda iska ke fita ta bakin zugazugin maƙeri, ta faɗo kai tsaye a kan farar shimfiɗar. A watannin Fabrairu da Maris na 2005 wata tawagar masana, cikinsu har da Richard Washington na Jami'ar Oxford da Martin Todd, ta yi sansani a wani wuri da ake kira Chicha a gefen kwarin domin auna abin da taurari ke nunawa daga sama. Sun tabbatar da cewa da dare iska mai tsananin gudu kan taru a ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa ba tare da ta taɓa ƙasar sosai ba, sai rana ta fito ta ɗumama ƙasa iska ta fara cakuɗuwa, sannan ƙarfin na sama ya sauko, shi ya sa ƙurar Bodele ke tashi da hantsi ta lafa da yamma. Iskar kan tura ƙananan dunƙulen farar ƙasar su yi ta tsalle suna karo da juna suna farfashewa, garin da ke fita daga nan shi ne ke hawa sama. Ana ƙiyasta cewa hakan na faruwa kimanin kwana 100 a shekara, mafi yawansu a hunturu.

Daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce kayan aikin suka ƙara kaifi. NASA ta harba tauraron Terra a Disambar 1999 da Aqua a Mayun 2002, kowanne ɗauke da na'urar MODIS mai karanta haske iri 36, suna kewaya duniya ta kan dorayenta na arewa da kudu a tsayin kimanin kilomita 705, a wancan lokaci na farko yana wucewa wajen ƙarfe 10:30 na safe, na biyu wajen 1:30 na rana. Ilan Koren da Yoram Kaufman sun yi amfani da wannan tazara ta awa uku a 2004, inda suka auna nisan da goshin ƙurar Bodele ya ci tsakanin hoton safe da na rana, suka sami gudun da ya kai kimanin kilomita 47 a awa. Tsakanin Bodele da Kano akwai sama da kilomita 1,100, saboda haka ƙurar da ta tashi da hantsin yau tana iya rufe Kano gobe ko jibi. Sai dai na'urar da ta fi amfani ga masu hasashen yau da kullum ita ce SEVIRI, wadda ke kan sabon jerin Meteosat da aka fara harbawa a Agustan 2002, mai aiko da hoto duk minti 15 dare da rana. An gano cewa ƙura tana shanye wasu nau'o'in hasken zafi fiye da wasu, saɓanin yadda gajimare ke yi, sai aka haɗa nau'o'i uku aka ba su launi, ta yadda a allon kwamfuta hamada ke fitowa shuɗi-shuɗi da rana, gajimare mai kauri ya fito ja mai duhu, ƙura kuwa ta fito ruwan hoda. Mai hasashen da ke zaune a Yamai ko Abuja ko Njamena yana iya ganin ɗan ɗigon ruwan hoda ya ɓullo a Bodele wajen ƙarfe tara na safe, kafin azahar ya miƙe ya zama dogon harshe mai nuni kudu maso yamma, da dare ya ratsa yankin Diffa da Tafkin Chadi, washegari ya baje a kan Maiduguri da Nguru da Damagaram yana ƙara fashewa yana dusashewa. Wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000, mai suna PUMA, shi ne ya raba wa hukumomin yanayi na ƙasashen Afirka na'urorin karɓar waɗannan hotuna.

Tarihin bin sawun hayaƙi ya bi wata hanya daban, domin a nan an fi fara gano wutar kafin hayaƙinta. A shekarun 1970, bayan da rundunar sojan Amurka ta saki hotunan dare na taurarinta na yanayi, Thomas Croft ya nuna cewa ban da fitilun birane ana ganin harsunan iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai da kuma wutar daji a Afirka. A 1981 Jeff Dozier ya bayyana lissafin da har yau ake bi: akwai wani nau'in hasken zafi da ke ƙaruwa ninki-ba-ninki idan abu ya yi zafin wuta, don haka ko da wutar ta mamaye ɗan mitsitsin ɓangare ne na ɗigon hoto, wato ƙaramin murabba'in da hoton tauraro ke haɗuwa da irinsa, ɗigon gaba ɗaya zai yi fice a cikin maƙwabtansa. Da wannan dabara Alberto Setzer na cibiyar binciken sararin samaniya ta Birazil ya ƙirga gobarar dajin Amazon ta 1987, sakamakon ya tayar da hankalin duniya. Bayan shekaru goma hayaƙin gobarar Indunusiya ya lulluɓe Malesiya da Singafo na tsawon watanni, kuma hotunan da suka nuna inda wutar ke ci suna cikin abin da ya kai ƙasashen yankin ga yarjejeniyar 2002 a kan hayaƙi mai ƙetare iyaka. Gobarar yammacin Amurka ta 2000 ta sa aka fara fitar da bayanan MODIS cikin 'yan awanni maimakon kwanaki, daga nan tsarin FIRMS ya samo asali, wanda a yau kowa ke iya buɗewa a intanet kyauta ya ga jajayen ɗigo a duk inda wuta ke ci.

Da aka jera taswirorin shekaru sai ya bayyana cewa gobarar da ke cika labarai, irin ta Ostireliya a 2019 da 2020 ko ta Kanada da ta turnuƙe birnin New York a Yunin 2023, ba ita ce mafi faɗi ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake, kuma a arewacin nahiyar wutar kan yi ɗamara daga Gini ta bi ta arewacin Ghana da tsakiyar Nijeriya da kudancin Chadi har Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu, tana kaiwa ƙololuwa a Disamba da Janairu. Mafi yawanta da gangan ake cinna ta: manomi na sharar gona, makiyayi na neman sabon toho, mafarauci na korar nama. Abin lura shi ne jajayen ɗigon kan yi ƙaranci a tsakiyar ƙasar Hausa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san karkarar Kano ko Katsina bayan kaka, inda ake tattare kara domin danga da girki, a ɗaure harawa a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, dabbobi su kalace abin da ya saura, har ba a bar wa wuta abin ci ba. Nazarin da Niels Andela da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, galibi saboda gonaki sun cinye dajin ciyawa. Amma waɗannan alƙaluma suna buƙatar taka-tsantsan, domin wutar gona ƙarama ce, takan ci ta mutu tsakanin wucewar tauraro da dawowarsa, kuma da aka sake lissafin Afirka na 2016 da hotunan taurarin Sentinel-2 masu ƙananan ɗigo, filin da aka samu ya zarce na MODIS da kusan kashi 80 cikin 100. Na'urar VIIRS da aka fara harbawa a 2011, mai ɗigon mita 375, ta rage giɓin, kuma da ita ake sa ido a kan gas ɗin da ake ƙonawa a yankin Neja Delta.

Hoton da aka ɗauka daga sama ba ya faɗin tsayin da abu yake, alhali a kan wannan ne lafiyar mutane ta rataya. A farkon 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, an girke na'urori a Yamai, wani jirgin bincike na Birtaniya kuma ya riƙa tashi daga can yana ratsa hazon a tsayi daban-daban, aka tarar cewa a hunturu ƙura ce ke ƙasa-ƙasa, a cikin kilomita ɗaya ko biyu na farko, hayaƙin dajin kudu kuma yana shimfiɗe a samanta. A Afrilun shekarar Amurka da Faransa suka harba tauraron CALIPSO, wanda ke harba hasken leza ƙasa yana auna lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo, da haka yake yanka iska daga sama zuwa ƙasa ya nuna kowace shimfiɗa da tsayinta, kuma ya yi aiki har 2023. Da bayanansa ne Hongbin Yu da abokan aikinsa suka lissafa a 2015 cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin gaɓar yammacin Afirka a shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki na sauka a yankin Amazon ɗauke da wajen tan 22,000 na fosfaras, sinadarin da manoma suka sani a takin supa. Labarin cewa Bodele ce ke ciyar da dajin Amazon, wanda ya samo asali daga wani nazari na 2006, ya karaɗe jaridun duniya, amma wani nazarin na 2020 ya ƙalubalance shi, yana mai cewa yankin El Djouf da ke tsakanin Muritaniya da Mali ya fi ba da gudummawa, ƙurar Bodele kuwa yawancinta tana sauka tun ba ta yi nisa da Afirka ba. Idan haka ne, kason da ya fi girma yana ƙarewa ne a gonaki da huhun mutanen Afirka ta Yamma, kuma wannan ɓangare bai sami ko kusa da kulawar da Amazon ta samu ba.

Alaƙar hazo da cuta tsohon sani ne. Likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin sanƙarau na Afirka a 1963, kuma annobar kan tashi ne a rani ta lafa da faɗuwar ruwan farko, kamar ta 1996 da ta kama mutum kusan 250,000 ta kashe wajen 25,000 a nahiyar, arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Masana suna ganin busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini, kuma nazarin bayanan Nijar ya nuna ƙarfin iska da yawan ƙura a farkon rani na iya ba da haske a kan yadda shekarar za ta kasance. Wani binciken Jami'ar Stanford na 2020, wanda ya bi ƙurar Bodele ta tauraro, ya danganta ƙaruwarta da ƙaruwar mutuwar jarirai. Hukumar Yanayi ta Duniya ta kafa tsarin gargaɗin ƙura a 2007, cibiyarsa mai kula da arewacin Afirka tana Barselona, kuma daga 2018 ta fara fitar wa Burkina Faso taswirar gargaɗi mai launuka, daga baya aka haɗa da wasu ƙasashen Sahel, ciki har da Nijar da Chadi. Cibiyar yanayi ta ACMAD da ke Yamai da hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, su ma suna fitar da sanarwa.

Duk da haka tauraro yana auna jimillar abin da ke tsakaninsa da ƙasa ne, ba abin da ke daidai hancin mutum ba, kuma ƙurar hunturu mai tafiya ƙasa-ƙasa ita ce ta fi yi wa wasu na'urorin wuyar gani. Ba a iya gaskata lissafinsa sai an gwada shi da na'urorin ƙasa, irin na tsarin AERONET masu kallon rana suna auna yadda ƙura ta rage mata haske, waɗanda tsofaffin tashoshinsu a wannan yanki sun haɗa da na Banizoumbou kusa da Yamai da na Jami'ar Ilorin, sai kuma na'urorin da ke auna ƙurar da ake shaƙa kai tsaye, waɗanda suka yi ƙaranci matuƙa a manyan garuruwan Hausa idan aka dubi yawan jama'arsu. Sanarwar hazo ta yau da kullum kuma galibi da Turanci ko Faransanci take fita, ta fi kuma karkata ga jiragen sama da direbobi, alhali mai asma da uwar jariri da malamin makarantar allo da ɗalibansa ke kwana a fili su ne suka fi buƙatar jin ta. Hotunan kyauta ne, tazarar kwana ɗaya zuwa biyu tsakanin Bodele da Kano kuma ta isa a yi shela a gidajen rediyo. Girke na'urorin aunawa a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da fitar da gargaɗin da Hausa a ranar da ƙurar ta tashi, aiki ne da ya rage wa gwamnatoci da jami'o'in yankin, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na harba tauraro ɗaya ba.